Wanda Ya Fara Ɗaura Mini Zare: Musayar Waƙa a Kan Ɗan Dambe da Ubangidansa

Tsohon Bahago:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota waƙa. A makon jiya na je gaishe da ubangidana, wanda ya ɗauko ni daga mahauta ina ɗan shekara 12, sai na tarar idanunsa sun yi rauni har bai gane ni ba, sai da ya shafa tabon tsagar da ya yi mini a hannun hagu sannan ya kira sunana. Wannan ne ya sa na buɗe musayar nan, kuma ina roƙon duk mai amsawa ya riƙe amsa-amon "re", domin kada mu yi nisa da zare.

Da sunan Allah nake buɗe waƙar nan,
Wanda ya raya ni har na ga ranar nan,
Na yi salati ga Manzo a baitin nan,
Sannan na ambaci wanda ya ɗaura mini zare.

Ina yaro ƙarami a bakin mahauta,
Ina wanke tumbi da hanji da hanta,
Ya ga da hagu nake jan igiya da fata,
Ya ce, "Wannan bahago ne, ku kawo shi zaure."

Shekara guda bai bar ni na kai duka ba,
Bai ce in shiga fili ko da wasa ba,
Sai tsayuwa da garkuwa, ni ban gane ba,
Ashe ba a sakin naushi sai fuska tana tsare.

Ranar farko da ya naɗa mini ƙyalle,
Ya bi da zare, ya ja, ya matse, ya kulle,
Ya tofa addu'a, ya ce kada in yi tsalle,
In dasa ƙafata, in dubi ido, in daure.

A turmi na biyu na dafa ƙasa da hannu,
'Yan kallo suna ihu, shi ya ce mini sannu,
Ya goge jinin bakina a gaban idanu,
Ya goya ni a keke muka koma gida da dare.

Yau na haura hamsin a gidan duniya,
Na aje dambe, na yi furfura, na aurar da ɗiya,
Amma a kasuwa da masallaci da kan hanya,
Da sunansa ake kirana, kuma sunan ya ɗore.

Ɗan Kalangu:
Wa'alaikumus salam, Baba. Mu makaɗa shaidu ne a kan wannan magana, domin ba ma kiran ɗan dambe fili sai mun haɗa da sunan wanda ya rene shi, har ma akan ji an ce Shagon Shagon wane, wato jika ke nan a dambe.

Baba, na ji waƙarka, ga amsar ɗanka,
Mu da muke bin fili tun farkon kaka,
Ba ma kiran ɗan dambe da sunan yanka,
Shagon wane muke cewa, shi da ubansa a jere.

Ko ɗan Arewa ne, ko Kudu, ko Guramada,
Autan wane, Garkuwan wane, haka al'ada,
Dogon wane, Bahagon wane, sunan ne shaida
Cewa akwai hannun da ya rene shi har ya ƙware.

Na sha ganin yaro tsoro ya cika cikinsa,
Sai in bar takensa in kaɗa na ubangidansa,
Nan take ya ɗau tsuma, ya ɗaga hannunsa,
Ya shiga fili kamar su biyu suka shiga tare.

Autan Fili:
Ina neman afuwar iyayena kafin in yi magana, domin ni ma na yi ubangida, amma abin da na gani a hannunsa ya sha bamban da naku, kuma ba zan ambaci sunansa ba.

Ku yafe ni, Baba, in faɗi abin da na gani,
Ba kowane maigida ke da irin wannan imani,
Nawa ya tura ni gaban wanda ya ninka ni,
Saboda kuɗin fili, na fito da muƙamuƙi a kumbure.

Kuɗin liƙin da na samu ya zuba su aljihu,
Ya tafi ya bar ni a tasha cikin duhu,
Yau in an kira ni da sunansa cikin ihu,
Sai in ji shi kamar ƙaya da nake so in cire.

To ina tambaya, Baba, ka ba ni fatawa,
Shin igiyar nan ba ta da ranar tsinkewa?
Ko yaro bawa ne da ba shi da 'yantawa,
Ko da maigida ya cuce shi, sai dai ya jure?

'Yar Rundawa:
Ƙanena, na ji zafin maganarka, kuma ba zan ce ka yi ƙarya ba. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ya rene 'yan dambe a gidanmu, kuma ni ce mai kai musu kwanon tuwo zaure.

Ƙanena, wanda ya yi maka haka dillali ne,
Ya ci amanarka, kuma Allah mai gani ne,
Ubangida a gidanmu uba na biyu ne,
In yaro ya karye, shi ke kiran maɗori ya ɗaure.

Na tashi na tarar da zaurenmu cike da samari,
Kwanonsu da na yayyena ɗaya ne tun fari,
Baba ya sayar da bijiminsa a shekarar fari,
Don ya biya wa shagonsa sadaki ya yi aure.

Ranar da ya rasu su suka wanke gawarsa,
Su suka ɗauki makara, suka haƙa kabarinsa,
Shekara tara ke nan, shagon yana zuwa gidansa,
Ya durƙusa gaban Inna, ba mai ce masa bare.

Mai Farar Riga:
Yaya, baitocinki sun sa ni hawaye. Ni ɗalibin judo ne, wato wani salon kokawa, kuma abin da kuka faɗa yana da ɗan'uwa a Japan. Jigoro Kano, wanda sunansa ya yi kama da na birnin Dabo ba tare da wata alaƙa ba, ya yi karatun kokawa a hannun Fukuda Hachinosuke, kuma da malamin ya rasu a 1879 sai iyalinsa suka damƙa wa wannan ɗalibi takardun makarantar. A 1882 ya buɗe tasa makarantar mai suna Kodokan a Tokyo, inda aka haifi judo, kuma a 1935 jikar malamin nasa, Keiko Fukuda, ta fara karatu a can bisa gayyatarsa.

Kano ya yi suna, judo ta shiga ko'ina,
Shekara hamsin ba su sa ya mance da amana,
Ya gayyaci jikar malam Kodokan ta zauna,
Irin da kakanta ya shuka ya sake yin fure.

Shekara uku ta same shi, ajali ya zo masa,
Ya rasu a jirgin ruwa yana komawa ƙasarsa,
Ba ta yi aure ba, ta rungumi koyarwarsa,
Ta haye teku da ita, ta koyar har ƙarfi ya ƙare.

Ƙungiyar judo ta Amurka ta ba Keiko daraja ta 10 a matakan ƙwarewar judo a 2011, wadda wata mace ba ta taɓa kaiwa ba kafin ita, kuma ta rasu a San Francisco a 2013 tana da shekara 99.

Tsohon Bahago:
Na gode muku baki ɗaya, amma akwai bashin amsa a kaina, kuma ɗana Auta ne ke bi na.

Ɗana Auta, tambayarka ta hana ni barci,
Sunan ubangida ba a ɗaukarsa da ƙunci,
Wanda ya sayar da jininka ya yanke zumunci,
Shi ya fara tsinke igiyar, in ka so ka ware.

Amma kada ka yi yawo a fili babu jagora,
Ka zo gidana, akwai tabarma, akwai fura,
In ga tsayuwarka, in ga inda za a gyara,
Zaren da ya ba ni yana ƙwarya, ban bari ya warware.

Ranar Juma'a zan koma in gaida tsohona,
In kai masa gero da tsoka daga teburina,
In ka amince, Auta, ka biyo bayana,
Ya shafa hannun jikansa, in ya yi hawaye mu share.

Autan Fili:
Baba, na amsa, ranar Juma'a ina zuwa,
Ko da yake tsohon ciwon yana kan warkewa,
Batun suna mu bar shi sai mun yi shaƙuwa,
Ka faɗa mini motar da zan hau da tashar da zan dire.