Akori-kura mai kafireto tana wahalar tashi bayan ajiya

Mai tambaya, Sabon Gari: Assalamu alaikum. Tsohuwar akori-kurata, idan ta daɗe a ajiye, sai an yi ta murza makulli kafin ta tashi, alhali batirin yana da ƙarfi. Mene ne dalili?

Bakanike, Ƙofar Ruwa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Zafin Kano yana busar da fetur ɗin da ke cikin kafireto, wato na'urar da ke haɗa fetur da iska kafin su shiga injin, kuma famfon mai ba ya sake cika kafireton sai injin yana juyawa. Ka ɗiga fetur kaɗan a bakin kafireton. Idan ta tashi ta mutu, man ne ba ya isowa, sai a duba famfon da tiyo.

Direba, Hotoro: Gaskiya ne, Malam. Tsohon fetur kuma yana barin danƙo mai toshe ƙananan ramukan kafireto, don haka a zubar da tsohon fetur ɗin, a wanke kafireton.