Aji ɗaya muka zauna, me ya raba albashinmu?

Malamar kimiyya, Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun watan jiya. Ni da wani abokin karatuna digiri ɗaya muka yi, sakamakona ma ya ɗan ɗara nasa. Lokacin bautar ƙasa alawus ɗinmu ɗaya, ko kwabo babu wanda ya fi wani. Da muka gama, wata makarantar kuɗi ta ɗauke mu koyarwa a mako guda. Ranar sa hannu a takardar albashi idona ya faɗa kan layinsa: shi dubu 65, ni dubu 50. Na samu mai makarantar, sai ya ce, "Haba Malama, ai shi magidanci ne, ke kuwa ciyar da ke ake yi." Ajujuwa huɗu nake shiga, shi uku. Kuma tun rasuwar mahaifinmu ni ke biya wa ƙannena biyu kuɗin makaranta. Don Allah duk wanda ya ga irin wannan da idonsa, mace ko namiji, ya ba mu labari.

Ma'aikacin gwamnati, Kaduna:
Wa'alaikumus salam Malama, Allah ya ji ƙan mahaifi. Shekarata 19 a aiki. A gwamnati mai digiri yakan fara daga mataki na 8, albashin kuma a rubuce yake, babu ruwansa da mace ko namiji. Na daɗe ina kafa hujja da wannan. Amma kowa ya san ba albashi kaɗai ke riƙe ma'aikaci ba, akwai kuɗin tafiya, da bita, da zaman kwamiti. A can ake raba hanya. Ni da hannuna na sha tsara sunayen masu zuwa bita Abuja, in tsallake matan aure, a raina ina cewa mazansu ba za su bari ba. Ban taɓa tambayar ko ɗaya ba. Wata rana wata baiwar Allah ta shigo ofis, ta tsaya daga bakin ƙofa, fayil rungume a ƙirjinta, ta ce, "Yallaɓai, mijina ne ya aiko maka cewa ya hana ni?" Na rasa ta cewa. Shekara shida ba ta halarci bita ko ɗaya ba, ga shi takardun bitar nan ana duba su idan za a ba mutum shugabancin sashe. Tun ranar nake tambayar kowa kafin in rubuta suna.

Injiniya, Zariya:
Mu mata biyar ne a ajinmu na injiniyancin lantarki, maza sun haura 80. Tun daga gida ake tace mu. Gwaggona har kuka ta yi wai in koma aikin jinya ko koyarwa. A hirar neman aiki uku da na shiga, biyu sai da aka tambaye ni yaushe zan yi aure. Abokan karatuna maza sun ce babu wanda ya taɓa yi musu wannan tambayar. Wani kamfani kuma ya fake da dokar ƙwadago, wadda sashe na 55 ya hana sa mata aikin dare a masana'antu. Yanzu ina haɗa wa mutane wutar sola, ina da yara uku masu koyon aiki, ɗaya mace ce.

Mai adaidaita sahu, Katsina:
Ƴan'uwa mata, ban zo musu da ku ba, gaskiya kuka faɗa. Amma ga nawa. Ina da digiri a ilimin zamantakewa, shekara huɗu ina yawo da takardu. Ƙanwata da ta karanta ungozoma ko wata biyu ba ta yi a gida ba aka ɗauke ta, don asibitocinmu na neman mata ma'aikata ruwa a jallo. Abokaina da yawa tun daga sakandare suka faɗa kasuwa saboda gida na jiran cefane. Namiji ba ya da damar cewa zai jira aikin da ya dace da karatunsa.

Tsohuwar ma'aikaciyar banki, Kano:
Ɗan'uwa, Allah ya buɗa maka. Ni nawa bambancin bai fara ba sai da na haihu. Kafin nan kafaɗa da kafaɗa muke da mazan da aka ɗauke mu tare. Na tafi hutun haihuwa wata uku, na dawo na tarar an raba kwastomomina, aka mai da ni teburin karɓar ƙorafi. Ƙarfe bakwai na safe nake fita, wani lokacin sai bayan isha'i in dawo. A mota nake tatsar nono lokacin hutun azahar, in zuba a kwalba cikin kula mai ƙanƙara. Haihuwa ta biyu na ajiye aikin. Biyu cikin waɗanda muka fara tare yanzu manajoji ne. Da na ji Claudia Goldin, wata masaniyar tattalin arziki, ta ci kyautar Nobel a 2023 kan binciken da ya nuna tazarar albashi a Amurka tana buɗewa ne bayan haihuwar fari, sai na ce ashe ba mu kaɗai ba ne. Jihar Kaduna ta ba ma'aikatanta mata hutun wata shida tun 2019. Da na samu irinsa, watakila da ina nan.

Lauya, Abuja:
Malama mai buɗe zance, sashe na 17 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce aiki iri ɗaya albashi iri ɗaya, ba tare da duba jinsi ba. Matsalar ita ce yana cikin babi na biyu, wanda ba a kai ƙara kai tsaye a kansa. Amma akwai abin da za ki riƙe. Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 naira dubu 70 ne, kuma ya hau kan duk wanda ke da ma'aikata 25 ko fiye. Ke da abokin aikin naki duk a ƙasa da shi kuke. Ku nawa ne a makarantar? An ba ki takardar ɗaukar aiki?

Malamar kimiyya, Kano:
Barista na gode, Allah ya saka. Na ƙirga mu yau, har da masu gadi da masu shara mu 31 ne. Takarda kuwa babu wanda aka ba a cikinmu. Na nuna wa abokin aikin nawa wannan zancen, ya ce shi bai ma san an fifita shi ba, kuma zai raka ni. Ranar Litinin bayan an tashi ɗalibai za mu shiga wurin mai makarantar, mu da wasu malamai mata biyu.