Gajimare ya ƙi fitowa a hoton ruwa da nake ɗauka a Dadin Kowa

Assalamu alaikum masu ɗaukar hoto. Na maƙale, a taimaka.

Tun da na ga hotunan Salar de Uyuni, filin gishirin nan na Bolibiya da ya haura murabba'in kilomita 10,000, wanda ruwan damina ke mayar da shi kamar madubi, nake son ɗaukar irinsa a nan Gombe. Filin gishiri dai ba mu da shi, sai na nufi gefen dam ɗin Dadin Kowa, inda ruwa ya kwanta bai wuce idon sawu ba.

Zuwana uku ke nan, duk bayan asuba kafin iska ta taso. Da ido, ga gajimare nan sarai cikin ruwan. A kyamara kuwa, in na saita haske don sama, ruwan ya yi baƙi ƙirin. In na saita don ruwan, sama ta yi fari fat.

Kyamarar tana kan mariƙi mai ƙafa uku, ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) 100, f/11 (girman ƙofar da haske ke shiga). Na ɗaura gilashin rage ƙyalli, ashe shi ne ma ke share gajimaren, na cire. Na bar ta buɗe daƙiƙa 2, hoton ya caɓe. Da na sauke ta dab da ruwa, har wandona ya jiƙe, abin ya ɗan gyaru, amma jar laka tana leƙowa ta ƙasa.

Wane saiti zan yi sama da ruwa su fito daidai a ɗauka guda, ba tare da haɗa hotuna a kwamfuta ba?