Kwana huɗu a Algarve: jirgin ƙasa ko motar haya?

Matafiyi: Jama'a, za mu sauka a Faro, a yankin Algarve da ke kudancin Fotugal. Jirgin ƙasa zai wadatar da mu?

Mai Taswira: Malam, zai kai ku garuruwan Tavira da Lagos (ta Fotugal, ba ta Najeriya ba), amma a Lagos layin ya ƙare. Garin Sagres da Cabo de São Vicente, tsinin ƙasa da ya kutsa cikin teku kusa da shi, sai bas ko mota. Tashar Albufeira ma tana Ferreiras, wajen kilomita 6 daga gari. Gara motar haya da za ku tuƙa da kanku, tunda an soke kuɗin babbar hanyar Algarve, wato A22, a Janairun 2025.

Ɗan Teku: Kogon Benagil da ke bakin teku kuwa, tun 2024 an hana shiga da iyo ko sauka kan yashinsa. Ku bi kwalekwale mai jagora da sassafe, domin in igiyar ruwa ta yi ƙarfi, soke fitar ake yi.

Mai Taswira: Duwatsun bakin teku na Ponta da Piedade dai da ƙafa ake zuwa daga Lagos.