Kowa ya bar gida, gida ya bar shi: gaskiya ce ko baƙar magana?

Ɗan Tudun Wada: Salamu alaikum jama'a. Dan Allah a taya ni duba wannan karin maganar, tun shekaranjiya take ci min rai. Na yi shekara 4 a Malesiya ina karatu, wata uku kenan da dawowata. Akwai abokina tun firamare, katangarmu ɗaya da su, ƙarshen watan nan za a ɗaura masa aure, kawai sai na ga ankon abokan ango a WhatsApp ɗin wani, ashe har an buɗe guruf an yi karo-karo an kai shadda wajen tela ni ban da labari. Na same shi teburin mai shayin da muke zama na ce haba wane, ni za ka yi wa haka? Wlh ko ɗago kai bai yi daga kan indomin da yake ci ba ya ce "ai kowa ya bar gida, gida ya bar shi". Aka kwashe da dariya. Ni fa ba yawon duniya na tafi ba, kuma tsakaninmu da can awa 7 ne, lokacin da suke zaman majalisa ƙarfe 9 na dare ni ƙarfe 4 na asuba ne a wajena, amma haka nake tashi in kira su. To wanda ya tafi neman ilimi ma maganar nan ta hau kansa?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Ta hau mana. Ba zagi ba ne ƙanena, labari ake ba ka. Ka tafi Legas ma wata shida ka dawo ka ga in ba ka tarar wani ya gaje maka wurin zamanka a benci ba. Gida ba ya tsayawa jiran kowa.

Malam na Rigasa: Ni a fahimtata gargaɗi ce ga wanda ya bar gida da zuciyarsa, wanda ya tafi ya manta iyaye, ba aike ba sallama. In ba haka ba ina za mu kai tafiya mabuɗin ilimi? Bahaushen da ya faɗi waccan shi ya faɗi wannan. Kakanninmu fatake har Gwanja suke zuwa saro goro su yi watanni, wa ya ce gida ya bar su? Makon jiya ma limaminmu ya kawo ta a huɗuba, amma shi a kan yaran da ke sayar da filin gado su bi ta Agadas ya yi maganar.

Zee Malali: Malam ai ba a nan gizo ke saƙar ba. Ɗan Tudun Wada ka yi haƙuri zan tambaye ka, da ka dawo ka bi gidajensu ɗaya bayan ɗaya ka gaida iyayensu? Don wasunku in kun dawo sai ku zauna a gida kuna jira a zo muku sannu da zuwa, kuna ta a can kaza a can kaza, jirgin ƙasansu kaza, wutarsu ba ta ɗaukewa. Yayana da ya dawo daga Saifurus wata biyu muka yi muna shan labarin garin Girne na can har muka haddace.

Sarkin Yaƙin Kawo: Hhhh ni dai wanda nake so a karanta wa karin maganar nan shi ne wakilinmu, tunda ya hau jirgin ƙasan Rigasa ya sauka tashar Idu a Abuja ba mu ƙara ganin ƙeyarsa ba

Abba Keke: Wane jirgi, ai shi ta sama yake wucewa. Ciwon kai ma Landan yake kai shi

Sarkin Yaƙin Kawo: Kuma shi gida ba ya barinsa fa, ana gobe zaɓe zai sauko da katan ɗin taliya da atamfa sai ka ga gida ya taso da gudu ya rungume shi

Ummu Sadiq: Ku bar siyasar nan ku ji. Ni duk sanda aka faɗi maganar nan kakata nake tunawa, Allah ya jiƙanta, mu muna ce mata Hajiya Iya. Tana amarya ko shekara ba ta rufa ba kakanmu ya ce Makka za shi, daga wani ƙauye ta wajen Soba, ita kuma ta ce ƙafarta ƙafarsa. Lokacin talaka ba ya zancen jirgi. Suka bi ta Kano, Maiduguri, suka tsallaka Fort Lamy wato Njamena ta yanzu, Abeshe, har Junaina a bakin Sudan, wani wuri a bayan a-kori-kura wani wuri a ƙasa, in guzuri ya ƙare sai a yada zango a nemi na gaba, ita tana soya ƙosai shi yana yankan farce da ga-ruwa. A El Obeid ta fara shiga jirgin ƙasa a rayuwarta. Suka zauna wajen Wad Madani suna tsinkar auduga a gonakin Jazira shekara da shekaru, a nan ta haifi 'ya'ya uku, ta binne ɗaya. Har ta tsufa in ta zo nan a labarin sai ta yi shiru ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, mu ma mu yi tsit. Daga baya suka samu suka tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda suka sauke farali.

Ba su dawo ba sai shekarar da aka kashe Sardauna, 1966, shekara 13 kenan. Ta tarar babanta ya rasu, an raba gado ba da ita ba don an daɗe da yi mata addu'a an ɗauka ta mutu, ɗakin da aka kai ta tana amarya an mai da shi na ajiye harawa. Ƙannenta da ta goya suna leƙenta ta bayan zana suna cewa ga 'yar Sudan nan. A can kuma Fallata ake ce musu, duk daɗewarsu baƙi ne. Takan ce ita gida biyu ne suka bar ta.

Amma akwai ƙawarta ta ƙuruciya da ta bar wa 'yar akuya guda ɗaya da wata tasa da za ta tafi. Matar nan kwana biyu da saukarsu sai ga ta da ɗanta yana koro awaki tara, ta ce ga kayanki, na sayar da huɗu shekarar da aka yi yunwa na ci, ki yafe min. Tasar kuma ta naɗo ta cikin tsumma. Wlh tasar nan tana gidanmu a Unguwar Sanusi yanzu haka, duk ta lotse, Mama ba ta yarda a ci abinci a ciki. Kuma har Iya ta rasu kullum da la'asar sai ta soya 'ya'yan gahawa ta daka da citta ta dafa a 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya irin ta can, ta aika a kira ƙawar tata, lokacin da duk suka dawo Kaduna wajen 'ya'ya, ita kuma ba ta ma son ɗacin amma sai ta sha.

Zee Malali: Wayyo Anti kin sa ni hawaye. Allah ya jiƙansu duka

Baban Khalifa: Amin. To kun gani, labarin ya gaskata maganata, har gado aka raba ba ita.

Malam na Rigasa: A'a Alhaji, ya ƙaryata dai. Awaki tara fa. Kuma rabon gadon nan akwai gyara a ciki, wanda ya ɓata ba a yanke masa hukuncin mutuwa haka kawai sai alƙali ya bincika an jira, kasonta ya kamata a ajiye.

Ummu Sadiq: Malam ai ta yafe tun tuni, kar ka tayar mana da shari'ar shekara sittin

Abba Keke: Da wasu aka ba wa ajiyar akuyar nan da sai a ce maciji ya haɗiye ta

Likitan Gobe: Anti Ummu labarin nan ya taɓa ni sosai don ni ma Sudan na yi karatu, a Khartum. Har yau jikokin irin su Hajiya Iya suna nan, akwai gari guda ma Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sinnar, mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa shi. Na taɓa sayen goro wajen wani tsoho a kasuwa yana min wata Hausa mai nauyi irin ta kakanni, bai taɓa taka Najeriya ba amma yana tambayata ya Sakkwato kamar jiya ya baro ta. Shi wa ya bari, wa ya bar shi? Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 cikin azumi, aka kwashe mu a bas muka yi kwanaki a bakin iyakar Masar kafin jirgi ya ɗebo mu daga Aswan. Na dawo gida kowa ya karɓe ni hannu bibbiyu, amma abokan da muka ci kisra kwano ɗaya da su, ɗan Somaliya da ɗan Chadi da 'yan ƙasar, ɗaya har yau lambarsa ba ta shiga. Ni in na ji karin maganar nan can nake tunawa ba nan ba.

Na Layin Kosai: Ɗan Tudun Wada na gane ka kuma na san angon, ba zan kama suna ba. Ka faɗi rabi ka bar rabi. Babansa ya rasu kana can, ka tura saƙo a waya, ba laifi nisa ne. Amma wata uku da dawowarka ka shiga ka yi wa Umma gaisuwa? Katanga ɗaya fa ka ce. Zumunta a ƙafa take, abin da ke cinsa kenan ba wai Malesiya ba.

Ɗan Tudun Wada: Gaskiya ne ban shiga ba. Na ga an kwana biyu, shekara biyu da rasuwar, sai na ji nauyin in je in fama mata ciwo. Baban nan shi yake kai mu kallon hawan sallah Zariya a bayan babur ɗinsa mu biyu, wlh ranar da na ji rasuwar a ɗakina na kulle kaina ban shiga aji ba. Ban san ya riƙe abin ba.

Zee Malali: Gaisuwar mutuwa ba ta tsufa. Ka je yau bayan magariba, kar ka tsaya neman tsaraba

Baban Khalifa: Ya je, amma anko dai an riga an yanka.

Malam na Rigasa: Har yanzu fa ba a ba ni amsa ba, in ma'anarta kamar yadda Alhaji ya ce ne, me ya sa ake cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, ita ma ai...

Sarkin Yaƙin Kawo: Malam wannan kuma ta masu sayen fetur ce, kar ka jawo mana

Likitan Gobe: Anti Ummu dan Allah wane ƙauye suka zauna a wajen Madani, kin riƙe sunan? Akwai wanda muka yi aji ɗaya ɗan can ne, kakarsa ma Bazazzagiya ce.

Ummu Sadiq: Bari Mama ta idar da sallah in tambaye ta, ita aka haifa a can.