Neman kalmar Hausa: me za mu kira "channel" da "thread" a manhajojin aiki?

Mai Fassara:
Assalamu alaikum. Malamai, ina neman shawararku kan kalmomi biyu da suka cika manhajojin da ma'aikata ke tattaunawa a cikinsu, irin su Slack da Microsoft Teams: "channel" da "thread". Abin da ya fi saurin zuwa baki shi ne tasha da zare, amma ban gamsu da ko ɗaya ba. Ina son kalmar da za ta shiga kan maɓalli, ta kuma zauna daram a bakin shugaban aiki idan yana ba da umarni.

Injiniya:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a raɗa wa abu suna, sai an san kamanninsa.

Na farkon, wato "channel", wuri ne na dindindin da aka ware wa magana ɗaya: aiki guda, ko sashe guda na ma'aikata. Duk wanda ke ciki yana iya rubutu, kowa yana ganin na kowa, kuma wanda ya shigo daga baya zai tarar da abin da aka faɗa kafin zuwansa. Tsarin ya girmi Slack nesa ba kusa ba. Asalinsa daga IRC ne, wani tsohon tsarin hira ta intanet wanda Jarkko Oikarinen ya ƙirƙira a Finlan a 1988, kuma daga can aka gaji sa alamar # a gaban sunan wurin.

Na biyun, wato "thread", amsoshi ne da ake tarawa a ƙarƙashin saƙo guda, don kada su cika babban wurin. Slack ya shigo da shi a Janairun 2017. A bayan fage, kowane saƙo yana da lambar lokacin da aka aika shi, kowace amsa kuma tana ɗauke da lambar saƙon da ta fito daga jikinsa. Da wannan lambar manhaja ke gane inda za ta ajiye ta. Imel ma haka yake yi: kowace wasiƙa tana da lambar shaida, amsar kuma tana ambaton lambar wadda take amsawa.

Malamar Harshe:
To, da wannan bayanin na Injiniya, tasha ta faɗi. Idan Bahaushe ya ji tasha, abin da ke zuwa masa shi ne rediyo, talabijin, ko YouTube: mutum ɗaya na magana, sauran na sauraro. Kalmar ta dace da tashoshin Telegram da waɗanda WhatsApp ya fito da su a 2023, domin a can mai tashar da masu kula da ita ne kaɗai ke wallafa saƙo. A Slack da Teams kuwa kowa na da baki. Turanci ya haɗa abu biyu a kalma ɗaya, ba dole ba ne mu gaji wannan ruɗanin.

Ni zaure nake ba da shawara. Mutane sun riga sun saba da zauren WhatsApp, jam'insa ba ya ba da wahala, zauruka, kuma aikatau ɗinsa a shirye suke: buɗe zaure, shiga zaure, fita daga zaure, gayyato wani zaure.

Mai Kula da Ayyuka:
Na yarda da zaure, Malama, sai dai a kula da nau'o'insa. A Slack iri biyu ne: wanda kowane ma'aikaci zai iya nemowa ya shiga, da wanda sai an gayyace ka, ba ka ma ganin sunansa idan ba ka ciki. Teams yana da uku, ya ƙara da wanda ake tarayya da mutanen wata ƙungiya ko wani kamfani. Zan ce buɗaɗɗen zaure, keɓaɓɓen zaure, da zauren tarayya.

Kada a ce zauren sirri. Kalmar sirri tana yi wa ma'aikaci alkawarin da manhajar ba ta yi masa ba. Saƙonnin suna ajiye a asusun kamfani, kuma dangane da irin rajistar da kamfanin ya yi da dokokin da yake bi, ana iya fitar da su idan bincike ya taso. Keɓewa ce kawai daga sauran abokan aiki. Har ma'ajiyar fayil ta bambanta: a Teams, fayilolin zaure na yau da kullum suna shiga ma'ajiyar ƙungiyar a SharePoint, manhajar ajiye fayil ta Microsoft, keɓaɓɓe kuwa ana buɗe masa tasa daban. Shi ya sa za ka ga wani ya tura mahaɗin fayil daga keɓaɓɓen zaure, wanda aka tura wa ya danna ya ƙi buɗuwa.

Mai Fassara:
Zaure ya zauna. Saura zare. Hujjar masu zare ita ce an riga an saba da shi a X, kuma fassara ce kai tsaye.

Malamar Harshe:
An saba, amma da wata ma'ana. Zare a X saƙonni ne na mutum ɗaya da ya jera su bi da bi saboda maganarsa ta fi ƙarfin saƙo guda. Wanda muke nema wa suna amsoshin mutane da yawa ne a ƙarƙashin saƙon wani. Wannan na ɗaya.

Na biyu ya fi damuna. Tunda mun ɗauki zaure, ku dubi waɗannan jimloli:

Ka amsa a zaure.
Ka amsa a zare.

Harafi ɗaya ne tsakaninsu, alhali umarni biyu ne masu karo da juna. Na farko na nufin kowa ya gani, na biyu na nufin a janye maganar gefe. A ƙaramin allon waya, ga mai sauri, ido ba zai raba su ba, kuma yatsa na iya tsallake wasalin.

Na uku, ba ma rubuta karin sauti. Zare na ɗinki da zare na cirewa, kamar a zare hannu daga wani lamari, rubutunsu ɗaya ne. Idan maɓalli ya ce "Zare saƙo", rabin masu karatu za su ɗauka janye saƙon ake nufi. Kalmar da za a iya karanta ta a matsayin gogewa ba ta da wurin zama a kan maɓalli.

Injiniya:
Wannan hujja ta biyu kaɗai ta isa, Malama, domin kuskuren wurin amsa shi ne babbar matsalar waɗannan manhajoji, kuma yana cutarwa ta fuska biyu.

Idan zaure na da mutum 40, uku daga ciki suka yi musayar saƙo 25 a fili kan abin da su kaɗai ya shafa, sauran 37 za su ga zauren ya nuna akwai sabon abu, su buɗe, su tarar ba nasu ba ne. In aka maimaita haka sau da yawa sai su kashe sanarwar zauren, ranar da muhimmin saƙo ya zo ba mai gani.

Ɗaya fuskar ta fi ɓoyuwa. A Slack, sanarwar amsoshin da ke ƙarƙashin saƙo tana zuwa ne ga wanda ya rubuta saƙon farko, da wanda ya taɓa amsawa, da wanda aka ambaci sunansa, da wanda ya zaɓi ya bi maganar. Sauran 'yan zaure ba za su ji komai ba. Ko an rubuta @channel ko @here, kalmomin da ake kiran 'yan zaure da su a lokaci ɗaya, a can ciki, ba ya tada kowa. To idan a amsa ta 18 aka yanke cewa an ɗage ranar miƙa aiki, shawarar ta binne ke nan. Maganinsa ɗan akwatin da ke ƙasan wurin rubutu, wanda in ka yi masa alama amsar za ta fito a zaure ma. Ƙa'ida mai kyau: muhawara a ƙasa, hukunci a fili.

Kalmar da nake gani ita ce reshe. Saƙon farko shi ne tushe, amsoshi su ne suka tsiro daga jikinsa. Jam'i rassa.

Mai Kula da Ayyuka:
Injiniya, ina da ja. A wurin aiki reshe yana da mai shi: reshen banki, reshen kamfani. Idan manaja ya rubuta "a tura wa reshe", ofis ake nufi. Kuma masu rubuta manhaja da ke amfani da Git, tsarin bin diddigin gyare-gyaren aikinsu, su ma reshe za su kira abin da suke tsagawa daga babban aiki. Me zai hana silsila?

Malamar Harshe:
Silsila tana nuna wannan ya karɓa daga wancan, wancan daga na gabansa. Ta fi kama da imel, inda amsa ke iya samun tata amsar. A Slack kuwa hawa ɗaya ne, duk amsoshin a jikin saƙon farko suke, ba a tsaga wani daga cikinsu. Ga ta da nauyi a bakin yau da kullum.

Jan da ka yi gaskiya ne, Malam, amma nahawu ya raba gardamar. Reshen kamfani ana tura masa abu, ana zuwa can, ana yi wa mutum canjin aiki zuwa gare shi. Wannan kuwa amsawa ake yi a cikinsa, ana binsa, ana daina binsa. Aikatau ɗin ba sa haɗuwa. Inda ake tsoron ruɗani, kamar a takardar koyar da sabon ma'aikaci, a rubuta shi cikakke a karon farko: reshen saƙo. Bambancin reshe da zaure kuma ko daga nesa ido zai gani, kunne zai ji.

Mai Kula da Ayyuka:
Na sauko. Sharaɗina ɗaya: saƙon farko ya samu suna tsayayye, domin shi ne ke ɗauke da taken maganar. Idan tushen ya ce "Ina da tambaya" kawai, ba wanda zai san abin da ke cikin reshen sai ya buɗe, kuma bayan wata biyu nemo shi zai yi wuya. Tushe mai kyau yana faɗin batun, da abin da ake so, da ranar da ake so. A kuma gargaɗi mutane cewa goge tushe ba ya tafiya da amsoshin. A Slack suna nan, sai dai a ga alamar an goge saƙon a samansu, su zama amsoshin da ba a san tambayarsu ba.

Mai Fassara:
Allah ya saka da alheri. Na gwada su a kan maɓallan, ga yadda suka fito:

Amsa a reshe
Bi wannan reshe
Daina bin reshe
Aika zuwa zaure ma
Koma saƙon tushe

Duk sun shiga ba tare da an yanke harafi ba. Wanda ya rage mini shi ne maɓallin da ke rufe zaure idan aiki ya ƙare, a daina rubutu a ciki amma a ci gaba da karantawa da bincike. "Rufe zaure" na sa mutum ya ji kamar komai zai ɓace.

Injiniya:
Kada ka sa rufe, kada kuma ka sa adana, domin adana ita muke amfani da ita wajen ajiye fayil bayan gyara. Sa "Taskance zaure", kishiyarsa kuma "Fito da zaure daga taska". A ƙarƙashinsa ka ƙara layi ɗaya: "Saƙonni za su ci gaba da kasancewa, amma ba za a iya aika sabo ba." Maɓallin gogewa ka nisanta shi da wannan, ka ba shi jan launi, don zauren da aka goge a Slack ba ya dawowa.