Shawarwarin matan Gusau kan kai mara lafiya asibiti cikin gaggawa

A hirar matan unguwarmu, an fi daɗewa kan zazzaɓin yara. Wata ungozoma ta nace cewa kada uwa ta yarda a yi wa ɗanta allurar maleriya ba a gwada jininsa ba, tunda ɗan tsinken gwajin cikin minti 20 yake nunawa. Ina bayanta ɗari bisa ɗari, domin ba kowane zafin jiki ne maleriya ba. A tafi da tsohon kati da kwalin maganin da aka saya a kemis, likita ya gani.

In jijjiga ce, ko saran maciji, ko jini ya ɓalle wa mai ciki, a wuce FMC (asibitin gwamnatin tarayya da ke Gusau) ko Asibitin Yariman Bakura kai tsaye, tare da ɗan'uwan da zai iya ba da jini.